Yoyon makullin mai a tsohon babur: yadda nake gyara nawa

Babur ɗin da nake hawa ya girme ni. Honda CD175 ne, baƙi, mai silinda biyu da kafireta ɗaya, wanda mahaifina, Allah ya gafarta masa, ya saya a 1975 da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, lokacin yana malamin firamare. A kansa na koyi tuƙi a filin Idi, kuma da aka zo rabon gado ba wanda ya ja da ni a kansa, don kowa ya san ni ne mai wanke shi tun ina aji uku.

A zaure yake kwana. Wata safiya da bazara uwargida ta tare ni da cewa kwana uku ke nan zauren yana warin fetur, har warin yana shigowa tsakar gida. Na duba ƙasa ban ga komai ba, domin siminti mai zafi ba ya barin fetur ya kwana a kansa. Da dare sai na ajiye gwangwanin madara a ƙarƙashin makullin mai, wato ɗan famfon da ke gindin tanki mai buɗe wa fetur hanya da rufe ta, na rufe rabin bakinsa da kwali. Da asuba na tarar fetur ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na gwangwanin, ban da wanda iska ta sha. Bayan cire tallafin mai ne na 2023, lokacin da kowace lita sai mutum ya yi lissafinta. Amma abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne, a zauren nan yarana maza biyu suke kwana idan ana zafi, kuma da maganin sauro na kunnawa suke kwana.

Na kai wa wani bakanike, ya kalli makullin sau ɗaya ya ce, "Malam, wannan ai ya gama aiki, a jefar a sa sabo." Na yarda, aka sa sabo na kasuwa mai ƙyalli. Wata uku bai cika ba ya fara naso, hannunsa kuma ya yi tauri sai da filaya. Allah ya taimake ni ban bar tsohon a gareji ba, na jefa shi cikin akwatin ƙarfen mahaifina. Shi na ɗauka na kai wa wani dattijon makanike da ya yi zamani da baburan nan tun suna sababbi. Ya jujjuya shi a tafin hannu, ya hura, ya ce, "Yaro, makullin nan bai mutu ba, robarsa ce ta mutu. Zauna ka gani." Abin da zan rubuta a nan daga wannan zaman ya samo asali, sai abin da na ƙara koya da hannuna bayan na gyara nawa da na abokai guda biyar ko shida.

Kafin ka taɓa sifana, fitar da babur waje, inda iska ke kaɗawa, a inuwa, inji a sanyaye. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, yana iya tafiya har ya iske murhun gawayi ko janareta da ke can gefe, wutar ta biyo shi ta dawo kanka. Kar a yi aikin kusa da mai shayi, ko mai walda, ko mai shan taba. Cire wayar batir ta ƙasa, wato mai alamar ragi. Ajiye bokitin yashi kusa, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Daga ina yake zuba?

Wannan ita ce tambayar da yawancin mutane ke tsallakewa, kuma a nan ake asarar kuɗi. Fetur ba ya tsayawa inda ya fito. Yana bin jikin ƙarfe ya gangara ya taru a wuri mafi ƙasa, sai ka ga ɗigo a gindin kofin makulli ka ɗauka kofin ne, alhali daga sama yake, wajen da makullin ya haɗu da tanki.

Goge makullin da ƙasan tankin da tsumma har su bushe ƙarau. Sai ka daka alli, irin na allon makaranta, ka barbaɗa garin a ko'ina: wuyan tanki, noti, kewayen hannun da ake murɗawa, bakin kofi, da bakin tiyo. Hodar jarirai ma tana yi. Ka zauna ka zuba ido minti goma. Inda garin ya fara yin duhu, nan ne bakin zaren. Yi gwajin sau uku, hannu yana kan OFF, yana kan ON, yana kan RES, wato rizab, saboda akwai makullin da ba ya yoyo sai an buɗe shi.

Akwai kuma yoyon da alli ba ya nunawa, kuma shi ya fi barna: na ciki. Rufe makullin, zare tiyon da ke zuwa kafireta, ka tara kwalba a bakin. Abin da ya rage a hanya zai zubo ya tsaya. Idan bayan minti biyar yana ci gaba da ɗiga, to makullinka ba ya rufewa, sunan OFF kawai yake ɗauke da shi. Zan dawo kan illar wannan.

Idan alli ya nuna bakin tiyo ne, ka huta. Tiyon da ya tsufa yana ƙandarewa ya tsattsage a baki. Yanki guntunsa ka tafi da shi kasuwa don a ba ka daidai kaurinsa, ka tabbata tiyon fetur ne, ba farin tiyon ruwa mai shara-shara ba, wanda ke zama kamar itace cikin 'yan watanni. Sa masa kilif a baki biyu. Aikin minti biyar ne.

Sauran wuraren kuwa sai an sauke makullin. Juye man tanki cikin jarka ta hanyar tiyo, hannu a kan RES don ya fita har ƙasa. Wasu tankunan suna da ƙaramin tiyo a ƙasa da ke haɗa ɓangaren hagu da na dama, ka tuna da shi, don idan ka zare shi ba shiri sai mai ya wanke maka inji. Yadda ake ɗaure makulli a tanki ya bambanta: wani da noti ɗaya babba, wani da sukurori biyu. Wasu na Honda notinsu yana da zare iri biyu, na dama a sama, na hagu a ƙasa, ta yadda murɗawa ɗaya ke jawo tanki da makulli su haɗu. Idan irin wannan ne naka, ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, kuma wajen mayarwa ka kama zaren biyu a lokaci guda, in ba haka ba gefe ɗaya zai ƙare kafin ɗayan ya matse, ka yi ta ɗaurewa yana ta zuba. Yi amfani da sifana daidai girman notin. Filaya tana cinye kusurwoyinsa, kuma irin wannan noti ba ya samuwa a kowane shago.

Robar nan mai huji huɗu

Makullan baburan Japan na shekarun 1960 da 1970, Honda da Yamaha da Suzuki, kusan duk tsari ɗaya ne. A gaba akwai ɗan faifan ƙarfe da aka rubuta ON, OFF, RES a kansa, sukurori biyu ƙanana na riƙe da shi. A bayansa akwai wasa, wato siririn zoben ƙarfe, mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, ita ce sifirin da ke danna hannun ciki. Sai hannun kansa, wanda bayansa shafaffe ne da ɗan kwari mai siffar ƙoda. Wannan shafaffen bayan yana zaune ne a kan wata roba mai faɗin kwabo, mai huji huɗu. Idan ka murɗa hannu, kwarin yana haɗa hujin da mai ke shigowa da hujin da yake fita. Idan ka rufe, shafaffen ƙarfe ne ke toshe su. Duk sirrin makullin ke nan: ƙarfe shafaffe a kan roba mai taushi, da sifirin da ke matse su. Ɗaya daga cikin ukun ya gaza, mai ya sami hanya.

Sukurorin nan biyu suna bukatar haƙuri. Na Japan ne, kuma gicciyen kansu ya ɗan bambanta da na sukudireban da muka saba saya, wasu ma za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen, alamar ke nan. Sukudireba da bai zauna daidai ba zai zame ya cinye kan. Zaɓi wanda ya cika ramin ba ya girgiza, ɗiga ɗan kananzir ka bari ya jiƙa, ɗora makullin a kan katako, ka danna da ƙarfi sannan ka murɗa a hankali. Riƙe faifan da babban yatsa lokacin da sukuru na biyu ke fita, don sifirin na iya tsalle ya ɓace cikin ƙasa. Ni a cikin faranti nake buɗewa, kuma ina ɗaukar hoto da waya kafin in cire kowane abu.

Wani makullin ba sukurori gare shi ba, ribiti aka buga, wai don kada a buɗe. Ana buɗewa. A huda kan ribitin a cire, a yi rami da bakin huji na milimita 2.5, a yanka zaren M3, a sa sukurori. Idan ba ka da kayan, masu injin sassaƙa ƙarfe za su yi maka cikin ɗan lokaci. Ka dai ja musu kunne kada hujin ya zarce ya faɗa hanyar mai.

Robar da na ciro daga makullin mahaifina ta zama kamar ƙanzo. Da na lanƙwasa ta sai ta karye biyu, kuma tsakanin huji biyu akwai wata 'yar hanya da mai ya ci, siririya kamar gashi. Shekara kusan hamsin tana aiki, ba ta ci bashin kowa ba. Zare taka da tsinke ko allura, kada ka sa bakin sukudireba ka karce mazauninta. Idan babur zai kwana biyu kafin ka sami sabuwa kuma tsohuwar ba ta karye ba, juya ta, bayan ya koma gaba. Dabarar fita kunya ce, takan kai mako ko wata, ba gyara ba ce.

Sabuwar roba takan zo a ƙunshin kayan gyaran makulli, tare da zoben roba na hannu da na kofi. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, idan ka yi haƙurin zagayawa da tsohuwar a hannu, kana iya dacewa da wadda hujinta ya yi daidai, domin ƙananan babura da yawa na yanzu sun gaji tsarin nan. Amma kada ka yarda da ido. Sayi biyu, jefa ɗaya cikin 'yar kwalba da fetur, rufe, ka bar ta kwana biyu. Idan ta kumbura, ko ta yi laushi kamar cingam, ko fetur ɗin ya yi baƙi, ba ta da amfani. Robar da ke jure fetur ita ce nitiril, wadda ake rubuta wa NBR, sai Viton da ta fi ta juriya da tsada. Wannan gwaji ya ƙara zama dole saboda man yanzu ba irin na zamanin da aka ƙera baburan nan ba ne. A Ingila tun Satumbar 2021 man da aka fi sayarwa yana ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin ɗari, masu tsofaffin babura can suna ta fama da robobi. Mu ma nan ba mu manta da man da aka shigo da shi a farkon 2022 ba, mai yawan metanol, wanda ya kwantar da motoci da babura. Irin waɗannan sinadarai tsohuwar roba ba ta shirya musu ba.

Idan ba a samu ba sam, ana yankawa daga falle na nitiril mai kaurin tsohuwar. Ɗora tsohuwar a kai ka zana, ka huda da abin huda fata na dukawa, wanda ke fitar da huji mai tsabta. Kada a yanka daga tsohon tib na taya. Na ga an yi, na ga yadda ya kumbura ya toshe hanya, mai babur yana tura abinsa a rana yana zargin fulogi.

Yanzu ga wurin da dattijon nan ya fi daɗewa a kai, wurin da kuma masu sauri ke tsallakewa su ce sabuwar roba ba ta yi ba. Juya hannun makullin ka dubi bayansa a haske. Za ka ga zane-zane masu zagaye da ƙananan ramuka. Tsatsa da yashin da ke cikin tanki ne suka yi shekaru suna shiga tsakanin ƙarfe da roba, kowace murɗawa suna karta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma fetur ya fi ƙadangare iya shiga tsaga. Ka sa sabuwar roba a kan wannan fuska, mako biyu ta yi yawa.

Nemi guntun gilashin taga ko madubi, ka shimfiɗa samfefa mai lamba 600 a kai, irin wadda ake jiƙawa. Gilashi ake so don shi ne abin da ya fi komai shafewa a gida, katako ko siminti za su ba ka fuska mai tudu da kwari. Shafe bayan hannun da baƙar maka gaba ɗaya. Ɗiga ruwa ko kananzir a samfefar, ɗora hannun, ka danna da yatsa a tsakiya, ba a gefe ba, kana zana lamba 8. Bayan zagaye goma ɗaga ka duba. Inda baƙin ya goge, nan ne tudu. Inda ya rage, nan ne kwari. Juya hannun kaɗan a yatsunka ka ci gaba, har baƙin ya tafi duka a lokaci ɗaya. Sannan ka koma lamba 1000 ka goge har ya yi sumul. Baba, wato dattijon makaniken nan, ya sa na yi ta yi kusan rabin awa, yana karɓa yana karta da farce yana miƙo mini. Sai da farcensa ya wuce bai maƙale ba ya ce, "To, yanzu ka yi aiki." Kada ka wuce gona da iri, abin da ake cirewa bai kai kaurin takarda ba. Idan ka ci ƙarfen da yawa sifirin ba zai ƙara matsewa ba. Bakin kwarin nan mai siffar ƙoda kuma ka ɗan dasashe kaifinsa, don kada ya yanki sabuwar robar.

Sifirin ma duba shi. Ajiye shi a kan gilashin: idan ya kwanta shamɓal, ƙarfinsa ya tafi. Ana iya ɗan ƙara masa lanƙwasa da yatsu, a hankali.

Wanke gangar makullin da fetur mai tsabta da tsohon buroshin haƙori, ka hura kowace hanya. Dubi siririn bututun tagulla da ke shiga cikin tanki. Shi ne ke raba ON da rizab, idan ya tsage a gindi babur zai shanye mai har ƙasa ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. Kwance kofin ƙasa, za ka sami ɗan rariya da zoben roba. A nawa na sami jan laka da ɗigon ruwa kwance a gindi, tarihin duk man bumburutun da na taɓa saya a hanya. Sauya zoben, wanke rariyar, ka mayar da kofin da hannu sannan ka ɗan ƙara da sifana kaɗan. Gangar makullin gaurayen zinki ce, ba ta da ƙarfin baƙin ƙarfe, zarenta yana cinyewa cikin sauƙi, kuma idan ya cinye babu mai mayar da shi.

Wajen haɗawa, shafa ɗan basilin a fuskar robar da zoben hannu, ɗan kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai. Tabbatar hujojin robar sun hau kan 'yan bututun da ke mazauninta. Ɗaura sukurori biyun bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan, don faifan ya sauka daidai. Hannun ya kamata ya murɗu da yatsa biyu, da ɗan nauyi, ba sako-sako ba, ba kuma sai an yi kokawa ba.

Tsakanin makulli da tanki kuma wasa ce ke riƙe mai, ba zaren noti ba. Wasar fayiba ko ta roba, duk wadda ka tarar, sa sabuwa irinta, ka kankare tsohon fenti da tsatsa daga bakin tankin. Idan ta jan ƙarfe ce, ana gasa ta a wuta har ta yi ja, can nesa da babur, a bar ta ta huce, sai ta yi laushi ta sake kamawa. Ina roƙonka kada ka shafa silikon. Fetur yana jiƙa shi ya zama kamar majina, ya ɓalle ya bi tiyo ya toshe jet ɗin kafireta. Sufagulu da gam mai haɗi biyu kuma ranar da za ka sake buɗewa za ka yi da-na-sani. Farin tef na masu gyaran famfo ma ba wurinsa ba ne, zarensa yana yagewa ya shiga rariya. Idan kuwa alli ya nuna cewa wuyan tankin ne da kansa ya tsage, wannan ya fi ƙarfin gyaran gida. Kada ka bari kowa ya kusanto da wutar walda ga tankin da ba a wanke shi sosai an kore tururinsa ba. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗarin fashewa.

Na Ingila, masu toshiya

Daga baya Baba ya kira ni in ga wani BSA na shekarun 1950 da aka kawo masa, irin baburan Birmingham da suka shigo ƙasar nan tun zamanin Turawa. Makullinsa daban ne: tagulla, ba a murɗawa, ja ake yi a tura, da sunan Ewarts a jiki. Irinsa ne a kan Triumph da Norton da yawa na wancan lokaci. A cikinsa babu roba. Sandar da ake ja tana sanye da toshiya, ɓawon wata bishiya mai taushi da ake nomawa a Fotugal da Sifen, wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Muddin toshiyar tana jiƙe da mai, a kumbure take tana riƙewa. Babur ya yi watanni tanki a bushe, musamman da hunturu, sai ta ƙanƙance, ranar da aka zuba mai ya tsiyaye ta gefen sandar.

Akwai ɗan ƙaramin sukuru a gefe da ke hana sandar fita. Kwance shi, ka adana shi kamar zinare, ka zaro sandar. Idan toshiyar ba ta farfashe ba, jefa sandar cikin tafasasshen ruwa minti goma. Na ga abin da idona: ta shiga a yamushe, ta fito ta cika. A bar ta ta sha iska, a shafa basilin, a mayar. Sau da yawa shi ke nan.

Idan ta ruɓe sai sabuwa. Baba ya yanko tasa daga murfin tsohon fulas ɗin shayi, irin na da. Sharaɗin shi ne ta zama gunduma ɗaya mai ƙarfi, ba irin wadda aka niƙa aka haɗe da gam ba, don fetur na iya warware ta. Ya huda tsakiya daidai kaurin sandar, ya sassauta dakakken bakin sandar da zarto ya cire 'yar wasar da ke tare ta, ya zura sabuwar, ya mayar da wasar ya sake daddaka bakin. Sannan ya kama sandar a injin huji yana juyawa, yana taɓa ta da samfefa, yana tsayawa yana gwadawa, har ta shiga da ɗan matsi. Ya ce gara ta yi ɗan tauri ranar farko, za ta zauna. Wadda ta shiga salin-alin tun farko, gobe za ta zuba.

Abu ɗaya game da tankunan Ingila: zarensu ba na milimita ba ne, na inci ne irin na bututun ruwa, BSP. Mai kwata yana da zare 19 a kowane inci, kaurinsa ya ɗan haura milimita 13. Makullin kasuwa na milimita zai yi kamar zai shiga, ya kama zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Wanda ya sa ƙarfi a nan ya kashe tankin da ba zai sami irinsa ba.

Akwai wani tsohon nau'in kuma, na tagulla zalla, wanda cikinsa turmi da taɓarya ne masu tsini, sifirin da noti a baya suna jan su. Shi ba roba ba toshiya. Idan yana naso, a kwance, a shafa Brasso ko man goge baki, a riƙa murɗa su cikin juna gaba da baya har fuskokin biyu su yi launi ɗaya, a wanke tas. Kada a sa man wasa bawul, ya yi kaushi da yawa. A goga busasshen sabulun wanki kafin a haɗa, fetur ba ya narkar da sabulu. Masu bakam kuwa, wato waɗanda zuƙar inji ke buɗe su, na shekarun 1970 zuwa sama, masu alamar PRI da tiyo na biyu da ke zuwa wuyan kafireta, tantanin robar da ke bayansu ne ke yagewa. Idan ka zare wancan tiyo na biyu ka ga fetur a ciki, tantanin ya tafi, sai sabo.

Na ce zan dawo kan yoyon ciki. Makullin da ba ya rufewa ya bar dukan nauyin tanki a kan 'yar allurar kafireta. Ranar da ƙwayar tsatsa ta maƙale mata, mai zai cika kofin kafireta, wani ya zuba ƙasa, wani ya gangara cikin silinda, ya wuce gefen fistin ya sauka cikin baƙin mai. Baƙin mai da ya sha fetur ya zama ruwa, ba ya riƙe ƙarfe, kuma inji zai ci kansa kana tafe ba ka sani ba. Idan kuwa silinda ta cika, ka buga kik da ƙarfi, kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, na iya lanƙwashewa. Saboda haka duk wanda ya tarar makullinsa yana yoyon ciki, ya zaro gejin baƙin mai ya shinshina. Idan yana warin fetur, ko ya haura alamar da ka bar shi, a juye shi kafin a tayar da inji. Nawa na juye a ranar, ya fito tsararo kamar shayi. Idan kik ya cije, kar a tilasta, a cire fulogi a gani.

Duba murfin tanki ma. Yana da ɗan hujin shaƙar iska, ƙura na toshe shi. Babur ya tsaya cikin zafin rana na watan Afrilu da hujin a toshe, tururi zai taru ya matsa man ta duk inda ya sami rauni. Allura da hurawa sun isa.

Kafin ka mayar da makulli a tanki, gwada shi a hannu. Sa tiyo mai tsabta a bakin fita, rufe, ka hura: kada iska ta wuce. Buɗe ON ka hura, buɗe RES ka hura, duka biyun su wuce sarai. Idan tankin na da tsatsa, ɗauraye shi da ɗan fetur ka juye ta tsumma fari har ya daina fitar da ja, ka kuma sa ƙaramin mataci a tiyo tsakanin makulli da kafireta. Ɗaura makullin, zuba lita ɗaya kawai tukuna, sake barbaɗa alli, ka bar tiyon kafireta a zare da kwalba a ƙarƙashi. Lita ɗaya ba za ta kai bakin bututun ON ba, don haka fara gwada RES da OFF, in sun yi sai ka ƙara mai ka gwada ON. Murɗa hannun sau ashirin don robar ta zauna. Bayan awa ɗaya ka sake taɓa sukurori biyun da notin, sabuwar wasa takan ɗan kwanta.

A daren da na gama nawa, a tsakar gida na bar babur ɗin, na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinsa, na mayar da gwangwanin madarar nan wurinsa. Da na fito sallar asuba na haska fitila: takarda fara, gwangwani a bushe, allin da ke jikin makullin yana nan fari kamar yadda na barbaɗa shi. Sai da ya yi dare uku haka kafin na mayar da shi zaure, kuma har yau duk inda na tsaya, kafin in sauke ƙafa hannuna ya riga ya kai makullin kan OFF.